Kwayil Na Uku A Motar Baba Tanko

Duk wanda ya san gidanmu a Nassarawa GRA, to da motar ya fara saninsa. Kana shigowa get, kafin ka hango ƙofar falo, ita za ta tare ka a gindin mangwaro: tsohuwar a-kori-kura koriya, mai dogon hanci da bodin katako. A shekarar 1976 mahaifinmu, marigayi Alhaji Aƙilu, ya saye ta saboda gonarsa, kuma a satin ya ɗauki direbanta, Baba Tanko. Ni ce Safina, 'ya ta uku a gidan, kuma in faɗi gaskiya na yi shekaru ina jin kunyar motar nan. Da ita ake kai mu makaranta duk ranar da ƙaramar mota ta yi gardama, ni kuwa in yi ta roƙon Baba Tanko ya sauke ni a kwana kada 'yan ajinmu su gani. Bai taɓa saurara ta ba. Har bakin get yake kai ni, kuma sai ya danna hon.

Mutumin wani ƙauye ne gabas da Ringim. A motocin dakon gyaɗa ya koyi tuƙi, gyara kuwa hanya ce ta koya masa, don a zamaninsu in mota ta mutu maka a daji babu wanda za ka kira. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, amma taɓa masa mota ka ji bakinsa. A ɗakunan baya na gidanmu ya zauna da matarsa Kande har Allah Ya yi mata rasuwa, a nan kuma suka haifi 'ya'yansu biyar. Da motoci masu canja giya da kansu suka cika gidan, sai ya ce shi ba zai tuƙa motar da ta fi shi sanin abin da take so ba. Aka ɗauki wasu direbobin, aka bar shi da tasa.

Tun da aka sayar da gonar, aiki ɗaya ya rage wa motar, kuma shi ne abin alfaharin Baba Tanko. Duk 'yar maigadi, ko ta kuku, ko ta mai ban ruwan fulawa da za a aurar a layinmu da layukan da ke kewaye, shi ke kai kayan ɗakinta ranar jere. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai aka taso aka gani. Zai ɗaure gado da katifa da akwatuna da igiyarsa, mata su hau baya suna guɗa, ya ja su a hankali har Gawuna ko Kaura Goje ko inda Allah Ya kai rabon yarinya. Ko ruwan sha ba ya karɓa a hannun iyayen amarya.

Bana sai ga bikin autarsa Uwani, malamar firamare, wadda za ta tare a Kawaji. Saura sati uku jere, motar ta ƙi tashi.

A daidai lokacin ne kuma yayana Abdulbaqi ya ɗauko zancen gina rumfar motoci a gindin mangwaron. Yaya Abdulbaqi ba mugu ba ne, mutum ne kawai da in ya ga abu ya haura shekara goma sai jikinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, masu yanka tsofaffin motoci su sayar da ƙarfen. A gaban mahaifiyarmu Hajiya Sauda ya faɗa, Baba Tanko na durƙushe a bakin ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri, motar nan ta gama yi. Ni zan ɗauko sabuwa fil ta kai kayan Uwani."

"Allah Ya saka da alheri, Alhaji ƙarami," in ji Baba Tanko, idonsa a ƙasa. "Amma na kai na 'ya'yan mutane a cikinta. Ina son in kai na tawa."

Hajiya ta daɗe tana jan carbi kafin ta yanke hukunci. Ta ce ranar Asabar ɗin jere, in motar ta tashi ta fita get da ƙafarta ta kai kayan Uwani, to ta zauna a gidan har abada, a nemi wani wurin a yi rumfa. In ba ta tashi ba, 'yan gwangwan su ɗauka a ranar, kada kuma wani ya sake kawo mata maganar. Ni dai raina ya ɓaci, na kuma nuna, amma ba a musu da Hajiya.

Lokacin ina hutu a gida, don haka na zama mai murɗa ki, wato makullin motar. Baba Tanko ya ɗaga bonet, ya zare wayar fulogi ɗaya ya kusantar da bakinta jikin injin, ya ce in murɗa. Injin ya juya, gur-gur-gur, amma ko ƙyallin wuta bai fito ba.

"Mai yana zuwa, iska tana zuwa," in ji shi. "Wuta ce babu, Safinatu."

Ya buɗe murfin distiributa mai rarraba wa fulogi wuta, ya nuna mini kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da bakinsu bai fi ƙwayar gero uku ba, masu buɗewa da rufewa in injin na juyawa. Sun ƙone sun yi baƙi. Ya nuna mini kwayil, wani dogon gwangwani da ke haɗa wutar da ake aika wa fulogi. Ya kumbura, mai na tsatsafowa ta wuyansa. Washegari ya hau Keke mai ƙafa uku ya tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, ya wuni yana bin rumfuna, yara masu shago suna tambayarsa ko motar Fir'auna yake gyarawa. Da yamma ya dawo da sabon kwantak da kwayil a cikin kwali mai sheƙi. Ya ɗaura, na murɗa, mota ta tashi. Har rawa na taka a tsakar gida.

Kwana uku ta yi ta sake mutuwa. Kwayil ya ƙone, kwantak ya ƙone.

Kowa ya ce ai jabun kaya aka sayar masa, shi ma ya yarda. Yaya Abdulbaqi, don a shaida ya yi ƙoƙari, ya kawo wani makaniki mai kwamfuta, da farar riga da turare. Bawan Allah ya yi minti ashirin yana leƙe ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka wayarsa. Baba Tanko ya naɗe hannu yana kallonsa. Da makanikin ya gaji ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce shawararsa ita ce a cire injin gaba ɗaya. Na raka shi get da kaina don in tabbatar ya fita.

Daga nan Baba Tanko ya tuna da Malam Mahmudu na Gawuna, tsohon mai gyaran wayoyin mota da ya daina aiki tun da hannunsa ya fara rawa. Ni na kai shi a motata. Malam Mahmudu ya sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gadonsa, cike da kayan motocin da babu su a titi yanzu, kowanne a naɗe cikin tsumma mai mai. Ya lalubo kwayil biyu da kwantak ɗaya, duk na asali.

"Tanko, ka ga waɗannan? Daga su babu saura a Kano, in ma akwai ban san inda suke ba. Ɗauki ɗaya, ɗayan ka bar mini na tunawa."

"Me za ka tuna, kai da ko sunan jikokinka ba ka riƙewa?"

Suka yi ta yi wa juna tsiya har aka kira azahar. Muka taho da kwayil ɗaya da kwantak ɗin.

Wannan karon kwana biyar ta yi. Ranar da ta sake mutuwa na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba Tanko zaune a kan dutse ya zuba tagumi, bonet a buɗe. Kayan Malam Mahmudu ba jabu ba ne, wannan kowa ya sani. Hasiya mai girkinmu ta ce ita tun farko ta san baki ne, a samo turaren hayaƙi a zagaya motar. Baba Tanko ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kankare kan batir, ya canja kondansa, ya duba janareton motar ko yana ba da wuta fiye da kima. Komai lafiya lau. Sai ya fara zargin kansa.

"Ƙila idona ne, Safinatu. Ƙila ina ɗaurawa ba daidai ba, ban sani ba. Mutum ba ya sanin ranar da ya tsufa."

Maganar ta soke ni. Na ce masa ƙarya ne, da ƙarfi, har na ji kunyar yadda na faɗa. Ranar Laraba na koma Gawuna ni kaɗai, na durƙusa wa Malam Mahmudu. Ya yi tsaki, sannan ya miƙo mini kwayil na ƙarshe ya ce in gaya wa Tanko in ya ƙona wannan kada ya zo masa jana'iza. Kwantak kam babu. Baba Tanko ya goge wanda ya ƙone da samfefa, ya ɗaura sabon kwayil ranar Alhamis, mota ta tashi tana tari. Ya kashe ta ya zare ki ya jefa a aljihu, ya ce ba mai sake taɓa ta sai Asabar.

Al'adarsa ce kullum in ya tafi sallar la'asar a masallacin layinmu, sai ya zauna ɗaukar karatu har kusan magariba. Ranar Juma'ar nan ya kasa zama. Malam na fassara, shi hankalinsa na gindin mangwaro, don haka ya sulale ya dawo. Ya daɗe yana buga get kafin Auwalu maigadi ya buɗe. Auwalu mutumin Katsina ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shekararsa biyu a gidanmu, ba a taɓa kama shi da ko ƙwayar mangwaro ba.

Ina baranda na ga Baba Tanko ya ɗaga bonet, don kawai ya kalla. Ya ɗora hannu a kan injin, sanyi ƙalau. Ya ɗora a kan kwayil, sai ya fizge hannun yana yarfewa.

"Safinatu! Zo ki taɓa."

Na taɓa. Zafi kamar butar shayi. Ya zaro ki daga aljihunsa ya kalle shi, ya kalli motar. Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna, ya daɗe yana bin komai da ido. Can ya sa yatsa a kan rediyon motar. Allurar zaɓen tasha ba ta inda yake barinta shekara da shekaru.

Bai ɗaga murya ba. Ya yafito Auwalu ya ce, "Ɗana, ba ni makullin kwaɗon get." Auwalu ya miƙa masa. Baba Tanko ya zura ɗan makullin a ramin ki, ya murɗa. Jar fitila ta kama, rediyo ya ɗauka, wani mutum na tsaka da bayanin farashin taki. Ramin ya cinye saboda tsufa, ko wane makulli ka sa zai juya.

Auwalu ya zube a ƙasa. Ya ce rediyonsa ce ta faɗa tankin ruwa wata guda da ya wuce, shi kuma in bai ji shirin yamma ba ji yake kamar bai ci abinci ba. Sai ya riƙa jiran Baba ya tafi masallaci, ya shiga ya zauna awa ɗaya da rabi, ya fito ya goge kujera. Ya rantse bai taɓa tayar da injin ba, ko feda bai taɓa takawa ba, don yana ganin girman motar.

"Da ka tayar da ita ma da ya fi," in ji Baba Tanko. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai koya wa mutum alwala. A irin waɗannan tsofaffin motoci, in ka murɗa ki injin bai juya ba, wuta na kwarara cikin kwayil ba hutawa, ta dafa shi, ta ƙone bakin kwantak. Motocin yanzu suna da wurin da ake murɗawa don rediyo kaɗai. Wannan ba ta da shi.

Ni kam na fusata. Sati uku dattijo na wahala har yana zargin idonsa saboda farashin taki! Na juya zan shiga in faɗa wa Yaya Abdulbaqi, na san a ranar zai sallame shi. Baba Tanko ya kira sunana sau ɗaya, irin kiran da yake mini ina ƙarama, na tsaya cak.

"Rashin sani ne. Mutum mai iyali ba a korarsa kan rashin sani." Abin mamaki, murmushi yake. "Ashe ba idona ba ne, Safinatu. Ashe daidai nake ɗaurawa."

Ya shiga ɗakinsa ya fito da 'yar rediyonsa mai jakar fata ya danƙa wa Auwalu, ya ce ya riƙe. Auwalu ya rasa inda zai sa kansa.

Saura gyara. Kwayil ya sha zafi amma bai kumbura ba, da alama an cece shi da wuri. Kwantak kuwa ya ƙarasa, bakinsa ya yi rami, samfefa ba za ta yi ba. Baba Tanko ya ɗauko wani gwangwanin madara da yake tara tsofaffin kaya, ya zazzage, ya tsinto kwantak ɗin da ya cire tun marigayi yana da rai. Ya aika aka karɓo dutsen wasa wuƙa na Hasiya, ya ɗiga masa mai, ya zauna yana goga bakin ƙarfen a hankali, yana ɗagawa yana dubawa da tabarau ɗina na karatu, mai jan firam, a kan hancinsa. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Bai gama ba sai da aka kira magariba, ya ce ba zai ɗaura a duhu ba.

Asabar da hantsi gidan ya cika. Ƙannen marigayiya Kande da matan layi sun fito da kayan Uwani sun jera a tsakar gida. Ƙarfe takwas 'yan gwangwan suka iso, su uku, da motar jan mota da tukunyar gas ta yankan ƙarfe. Babbansu ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, yana jin kaurin ƙarfen. Na ji kamar in mare shi.

Baba Tanko bai kalle su ba. Ya ɗaura kwantak, ya yago kwalin ashana ya zura tsakanin bakunan biyu don ya auna tazara, ya ɗaure, ya mayar da murfi. Ya goge hannu ya ce, "Bismillah, murɗa."

Na murɗa. Ƙas. Na sake. Ƙas, ƙas. Rediyo da kwayil sun shanye batir, ba shi da ƙarfin juya injin. Wata daga cikin matan ta ce, "Wayyo Allah." Yaya Abdulbaqi ya duba agogo, ya matso da murya mai taushi.

"Baba, ka yi iya yinka, wallahi kowa ya gani. Motar da na ɗauko tana waje."

"Alhaji ƙarami, batir ya gaza juya ta ne. Bai gaza ba da wuta ba." Ya leƙo ta taga. "Safinatu, bar ki a kunne, ki ɗan taka mai kaɗan. Kada ki murɗa."

Ya ɗaga kujera ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe, handul ɗin da ake tayar da mota da hannu, wanda rabon da a yi amfani da shi tun ban yi wayo ba. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Auwalu. Ya zura ƙarfen ta hancin motar, ya gyara tsayuwa, dattijo mai shekara saba'in da uku. Ya fizga sau ɗaya, shiru. Ya fizga na biyu, injin ya yi atishawa. Auwalu ya matso zai karɓa, ya ture shi da kafaɗa. Ya ja numfashi, ya fizga na uku.

Motar ta girgiza gaba ɗaya, salansa ta tofar da baƙin hayaƙi a kan farar shaddar Yaya Abdulbaqi, sannan injin ya daidaita, dum-dum-dum, lafiyayye. Guɗa ta ɓarke. Hasiya ta fito da ludayi a hannu tana juyi. Ni ina cikin mota ina ihu ina kuka. Hajiya ta ɗaga labulen tagarta ta duba, ta saki, amma na ga haƙoranta.

Sai da 'yan gwangwan suka ja motarsu baya don a ba mu hanya. Babbansu ma, don kunya, ya kama aka ɗora katifa da shi. Baba Tanko ya ɗaure kaya da igiyarsa, mata suka hau, na zauna a gaba rungume da madubi. Da muka zo get Yaya Abdulbaqi ya tsayar da mu, yana goge riga.

"Baba, wai me ya same ta ne tun farko?"

"Ki aka riƙa bari a kunne. Ramin ya cinye, ni kuma ban lura ba. Za a canja shi."

Yaya Abdulbaqi ya gyaɗa kai. Sannan ya ce wa Auwalu ya gaya wa magina rumfar ta koma bayan gida.

Tafiyar Kawaji ba ta da nisa, amma Baba Tanko bai yarda ya yi sauri ba. Masu Keke na ta hon, samari na ɗaukar mu a waya, wani tsoho a bakin titi ya ɗaga mana hannu biyu. Ko sau ɗaya injin bai yi tari ba.

A ƙofar gidan amarya mata suka sauke kaya suka shige da hayaniya. Ƙanwar Kande ta leƙo ta ce, "Malam Tanko, ba ka shigo ka ga ɗakin 'yarka ba?" Ya kawar da kai, ya ce shi direba ne, direba ba ya shiga gidan jere. Suka yi masa dariya, don kowa ya san kunya ce ta uba. Da aka ɗauke akwati na ƙarshe na fito in kawo masa ruwa, na same shi zaune, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon ƙofar da kayan suka shiga. Hawaye na bin gemunsa, bai ma damu ya share ba.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, Safinatu. Daɗi nake ji. Wallahi daɗi nake ji." Ya karɓi ruwan ya sha. "Shiga ki gaya musu su sa gadon nesa da taga. Uwani ba ta son sanyi."